Tsare Haƙori Tun Bai Yi Kogo Ba

Babu garin da za ka shiga ka rasa mai ciwon haƙori. Ciwon nan yakan hana mutum barci, ya hana shi cin tuwo, ya hana manomi zuwa gona, ya hana yaro zuwa makaranta. Wanda ya taɓa kwana riƙe da kunci ba ya bukatar a ba shi labari. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi, ta ce mutum wajen biliyan 2 ke da ruɓa a haƙoransu na girma, yara kuma miliyan 514 ke da ita a haƙoransu na yarinta.

Mutane da yawa suna tsammani ciwon haƙori dare ɗaya yake faɗo wa mutum. Alhali kuwa haƙori yakan yi wata da watanni yana ruɓewa shiru kafin ya yi zogi. A cikin wannan lokaci mai tsawo, tsare shi abu ne mai sauƙi, mai araha. In aka bari ya yi kogo, to, kogon nan ba ya rufewa da kansa har abada. Saboda haka bari mu duba yadda haƙori yake, da abin da ke cinsa, da yadda ake kiyaye shi, da abin da ya kamata a yi in ɓarna ta riga ta auku.

YADDA HAƘORI YAKE

Sau biyu Allah yake ba ɗan Adam haƙora. Na farko su ne haƙoran yarinta, guda 20. Sukan fara tsirowa sa'ad da jariri ya kai wajen wata 6, su cika kafin ya shekara 3. Daga wajen shekara 6 sai yaro ya fara famfara, haƙoran girma su riƙa maye gurbinsu har zuwa wajen shekara 12. Na can ƙurya guda 4 sukan jinkirta har mutum ya zama saurayi. In sun cika duka, 32 ne. Daga su kuwa babu waɗansu.

Kowane haƙori hawa uku ne. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, ko ƙashi bai kai shi ba. Ɓawon nan ba shi da jijiya, saboda haka ba ya jin zafi. A ƙarƙashinsa akwai jikin haƙori, irin abin da hauren giwa yake da shi, bai kai ɓawon tauri ba, yana kuwa jin sanyi da zaƙi. A can tsakiya kuma akwai ɗan rami wanda jijiya da hanyoyin jini suke ciki, su ne ran haƙori. Sun bi ta cikin saiwa sun shiga ƙashin muƙamuƙi. Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne dalilin da ya sa ruɓa takan fara ba zafi, ta ƙare da azaba.

BABU TSUTSA CIKIN HAƘORI

Tun zamanin da, mutane a ƙasashe da yawa sun gaskata wata tsutsa ce take huda haƙori. Ba mu kaɗai ba, har Turawa sun daɗe a kan wannan zato. Amma a 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, ya kankaro dauɗar haƙoransa, ya duba ta cikin madubi mai ƙara girman abu wanda ya yi da hannunsa. Sai ya ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu suna motsi, waɗanda ido ba ya gani. Ya ce yawansu a bakinsa shi kaɗai ya fi yawan mutanen ƙasarsu. Su ne muke kira ƙwayoyin cuta.

A 1728 wani likitan haƙori na Faransa mai suna Fauchard ya rubuta littafi, ya ce ya nemi tsutsar nan bai gan ta ba. Sa'an nan a 1890 wani Ba'amurke, Miller, wanda ke aiki a Balin ta Jamus, ya bayyana asirin. Ya haɗa yawu da burodi da sukari, ya sa haƙori a ciki, ya ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwanaki sai haɗin ya yi tsami, tsamin kuma ya ci haƙorin.

Kun ji mafarin ruɓa ke nan. Ƙwayoyin cuta suna zaune cikin farar dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. In mutum ya ci zaƙi su ma sun samu abinci. In sun ci sai su fid da tsami, kamar yadda madara take zama nono in ta kwana. Tsamin nan shi ke narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan.

To, masu yawo kasuwa-kasuwa suna turara wa mutane hayaƙi a baki, su nuna musu waɗansu farare cikin ruwa su ce ga tsutsa ta fito fa? Wannan dabara tsohuwa ce. Akwai 'ya'yan tsiro waɗanda in zafi ya taɓa su sukan fashe, su fid da ɗan farin zare mai kama da tsutsa. Mai ciwo ya biya kuɗi ya koma gida, kogonsa yana nan yadda yake.

BANGO DA YAƁE

Kowa ya san katangar ƙasa. Kowace damina ruwa yana zaizaye ta, kowane rani maigida yana yaɓe. In yaɓe ya daidaita da zaizaya, katanga ta daɗe har jikoki. In ruwa ya yi yawa, yaɓe ya yi kaɗan, sai ta tsage, ta rufta.

Haƙori ma haka yake. Tsami shi ne ruwan da ke zaizaya, yawu kuwa shi ne mai yaɓe. Yawu yana wanke tsami, yana kuma mayar wa ɓawo da abin da ya narke daga jikinsa. Amma yana bukatar lokaci. Duk sa'ad da zaƙi ya shiga baki, tsami yakan yi wajen rabin sa'a yana aiki, wani lokaci har sa'a guda, kafin yawu ya rinjaye shi. Wanda ya ci abinci sau uku a yini ya ba yawu sarari ya yi gyara. Wanda kuwa ya yini yana tsotsar alewa, ko yana kurɓar shayi mai sukari daga hantsi har la'asar, katangarsa cikin ruwa take kullum. Da dare kuma, in mutum ya yi barci, yawu yakan ragu ƙwarai. Saboda haka zaƙin da aka kwanta da shi a baki ya fi kowane ɓarna.

Alama ta fari ita ce ɗan farin tabo kamar alli, yawanci kusa da dasashi. A nan ɓawo ya yi rauni amma bai huje ba, ana kuwa iya mai da shi lafiya. In aka ƙyale, sai tabon ya yi duhu, ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ruɓa ta kai jikin haƙori sai ta yi sauri, ta yi faɗi daga ciki kamar ɓarnar gara, baki ƙarami ciki babba. A nan ne mutum yakan fara jin tsam in ya sha ruwan sanyi. In ta kai jijiya, zogi ya zo ke nan, mai hana barci. Bayan kwanaki zogin yakan lafa, mutum ya ce ya warke. Jijiyar ce ta mutu. Daga nan sai mugunya ta taru a gindin saiwa, kunci ya kumbura.

MAGANAR ZAƘI

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce wajen giram 50, watau ƙaramin cokali 12. Ta ce in an tsaya a cokali 6 ya fi kyau. Na yaro bai kai haka ba. Ku sani kuwa kwalbar lemo guda ɗaya tana iya ɗaukar cokali 8 ko 9. Sai ku ƙara da na shayi, da na koko, da na fura, da na zoɓo, ku ga inda lissafi ya kai.

Zuma da mazarƙwaila ma zaƙi ne a wurin ƙwayoyin nan, ba su bambanta su da farin sukari. Abin da ya fi ɓarna shi ne mai manne wa haƙori, kamar su alewa, da tuwon madara, da gullisuwa, da nakiya, da alkaki, da biskit. Ba a ce a daina cinsu ɗungum ba. A ci su tare da abinci, a gama lokaci guda, a kurkure baki da ruwa. In yaro ya ji yunwa tsakanin abinci da abinci, a ba shi gyaɗa in ya isa tauna ta, ko dafaffen ƙwai, ko gurji, ko karas, ko yalo, ko gwaba, ko nono marar sukari. In ƙishirwa ce, ruwa ya ishe shi.

WANKE BAKI

Kurkura kaɗai ba ta fid da dauɗar nan, domin manne take. Sai an goge. A goge sau biyu kowace rana, ɗaya da dare kafin a kwanta, ɗaya da safe. Na dare shi ne babba, bayansa kuwa kada a ci kome, kada a sha kome sai ruwa. Da azumi sai a goge kafin barci da kuma bayan sahur.

A nemi buroshi mai taushi, mai ƙaramin kai. A bi haƙora ɗaya-ɗaya, waje da ciki da wurin tauna, musamman inda haƙori ya gamu da dasashi, har minti 2. Ba da ƙarfi ake yi ba. Kowa da nasa buroshi, in bakinsa ya baje kuwa, ko ya yi wata 3, a sake wani.

Amfanin man goge baki yana ga wani sinadari da ke cikinsa, ana ce da shi fuloraid. Ga yadda aka gano shi. A 1901 wani likita, McKay, ya sauka a jihar Kolorado ta Amurka, ya tarar haƙoran mutanen wurin duk da jan tabo, amma ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gane fuloraid ne ya yi yawa a ruwan shansu. Daga nan masana suka auna, suka ga ɗan kaɗan daga cikinsa yana tsare haƙori ba tare da ya ɓata shi ba. A 1945 aka fara zuba shi da awo cikin ruwan famfo na garin Grand Rapids, bayan shekara 11 kuwa ruɓar haƙoran yaran da aka haifa a garin ta ragu da fiye da rabi. Aikinsa shi ne taimakon yawu wajen yaɓe, ɓawon da aka gyara da shi kuma ya fi jure tsami.

In za ku sayi man goge baki, ku duba jikin kwalin, ku ga an rubuta akwai fuloraid, da lamba tsakanin 1000 da 1500 tare da haruffan ppm. In an gama gogewa a tofar, kada a kurkure da ruwa, domin ɗan abin da ya rage a baki shi ke ci gaba da aiki.

Amma kome ya yi yawa ya ɓaci. Akwai wuraren da ruwan rijiya yake da fuloraid fiye da kima, kamar wajen Langtang a Filato, da Tibiri kusa da Maraɗi, inda ruwan burtsatse ya taɓa lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa. A irin wuraren nan sai a nemi ma'aikatan lafiya su auna ruwan. Ko'ina kuma, kada a bar yaro ya riƙa haɗiye man.

Asuwaki abu ne mai kyau, sunna ne kuma. Wanda ke yinsa a kowace alwala yana fid da dauɗa mai yawa. Sai dai a kai shi har turame na ƙurya da bayan haƙora, kada a tsaya ga na gaba da mutane ke gani, a riƙa yanke bakinsa kuma in ya tsufa. Mafi kyau a gama biyun, asuwaki da rana, buroshi da mai safe da dare. Gawayi da toka da yashi kuwa kankare ɓawo suke yi, abin da suka kankare kuma ba ya komowa.

HAƘORAN YARA

Sau da yawa akan ji uwa ta ce, ai na famfara ne, za su zube. Gaskiya za su zube, amma turamen yarinta sukan kai shekara 10 zuwa 12 a baki. Yaron da turamensa suka ruɓe yana shekara 4 zai yi shekaru yana wahala, ba ya tauna da kyau, ba ya barci, har ya rame. Haƙoran yarinta kuma su ke riƙe wa na girma wuri. In an cire su tun lokaci bai yi ba, na girma sukan fito a karkace.

Ran da haƙori na fari ya ɓullo, ran nan za a fara goge shi. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa mai kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama. Babba ne zai goge masa, ko ya tsaya a kansa, har ya kai wajen shekara 7, gama hannun yaro bai iya ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a sa wa jariri shayi ko lemo ko ruwan sukari a bulumboti, kada kuma a bar shi ya yi barci da shi a baki. Wannan shi ke cinye haƙoran sama na gaba, su yi baƙi su gutsuttsure. Nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a koya masa sha da kofi. Ƙwayoyin ruɓa kuma daga bakin manya suke isa bakin jariri, ta cokali da abincin da aka tauna masa, saboda haka uwa ta kula da nata bakin.

Ga wani abu wanda iyaye da yawa ba su sani ba. A wajen shekara 6 akwai turame 4 da ke fitowa a bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Na girma ne, ba su da madadi, su ne kuwa suka fi saurin ruɓewa domin kwarin da ke kansu. Likita yana iya shafe kwarin nan da wani abu mai tauri tun ba su huje ba. Kowane wata uwa ta ɗaga leɓen ɗanta a cikin haske ta duba. In ta ga farin tabo ko baƙi, ta kai shi asibiti.

MANYA DA TSOFAFFI

In mutum ya manyanta, dasashi yakan ja baya, saiwa ta fito fili. Saiwa ba ta da farin ɓawo, ruɓa takan kama ta da sauri. Waɗansu magunguna kuma, kamar na hawan jini, sukan busar da baki, haka ma ciwon sukari. Wanda yawunsa ya ragu, mai yaɓensa ya tafi, sai ya yawaita kurɓar ruwa, ya rage zaƙi, kada ya ce zai jiƙa baki da minti. Tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga, a share da zaren sakace. Taba kuwa, ta sha ko ta ƙunsawa, tana kashe dasashi, tana jawo ciwon daji a baki. Mace mai ciki ma tana iya zuwa a duba ta a yi mata aiki, sai ta gaya wa likita halin da take ciki.

IN KOGO YA RIGA YA SAMU

Magani yana bin zurfin ɓarna. Farin tabo, likita ya shafa masa fuloraid mai ƙarfi, ya warke. Ƙaramin kogo, a share ruɓar a cike shi, aikin ɗan lokaci kaɗan. Akwai hanyar ciko wadda aka fara a Tanzaniya wajen 1985, da kayan hannu kaɗai, ba inji ba lantarki, domin ƙauyuka. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid wanda ake ɗigawa a kogon yaro, ya tsai da ruɓa, sai dai wurin yakan yi baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ruwa, da abin cikon nan, da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada.

In ruɓa ta kai jijiya, sai a yi allurar kashe zafi, a fid da jijiyar, a wanke cikin saiwa, a cike. Wannan ya fi tsada, yana kuwa bukatar zuwa fiye da sau ɗaya, amma haƙori ya tsira. In ya lalace sarai sai cirewa. Cire haƙorin sama ba ya makantar da mutum, kamar yadda waɗansu ke faɗi. Bayan an cire, a cije audugar da aka sa wajen rabin sa'a, kada a kurkure baki ran nan. Kashegari a fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Kafin a kai ga likita, farasitamol yana rage zafi in an sha bisa ƙa'ida. Kanumfari ma yakan sanyaya wurin na ɗan lokaci. Duk ba su rufe kogo. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi, kada kuma a ba yaro shi. Kada a cusa taba ko kanwa a kogo. Ruwan batir da fetur kuwa guba ne, sun ɓata bakin mutane da yawa. Kafso da ake saye a sha ba da izinin likita ba yana iya kwantar da kumburi, amma tushen ciwo yana nan, zai komo.

In kunci ya kumbura har ya kai ido ko ƙarƙashin haɓa, ko zazzaɓi ya zo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, to, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Mugunyar haƙori in ta bazu tana kisa.

Wanda yake da hali, ya kai kansa da 'ya'yansa a duba su ko da sau ɗaya a shekara, tun babu ciwo. Wanda likita ya yi wa nisa kuwa, mafi yawan aikin yana hannunsa cikin gida: ya rage yawan shigar zaƙi baki, ya goge safe da dare, ya tsaya a kan yara su yi. Kuɗin buroshi da mai na shekara guda bai kai na gyaran jijiyar haƙori ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman mata masu goyo. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.